Tsumman Sodangi

Duk wanda ya bi ta bayan garin Isa da hantsi, wajen fakon da ke gangarawa bakin gulbi, ba zai rasa ganin wani dogon dattijo tsaye da sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ba. Gabansa ƙwallon goriba ne a ƙasa. Sai ya koma bayan ƙwallon ya tsaya, ya dubi wata aduwa da ke can nesa, ya ja numfashi ya sake, sannan ya matso ya gyara tsayuwa ya kai duka. Ƙwallo ya tashi, ya bi shi da ido har ya faɗi. Daga nan ya zaro wani tsumma daga ƙugu, ya shafe bakin sandar tsaf, ya mayar da tsumman, ya ajiye wani ƙwallon. Masu zuwa ɗiban ruwa har sun gaji da kallonsa. Da farko ana cewa taɓuwa ce, Allah ya kyauta. Da aka ga yana gaisawa da mutane lafiya lau, kuma ba ya fashin jam'i, sai aka bar shi da halinsa.

Sunansa Sodangi, mutumin Gangara ne ta ƙasar Sabon Birni. Abin da yake yi kuwa golf ne, wanda masu rediyo ke kira ƙwallon lambu, wasan manyan mutane da ake yi a birane a kan ciyawa mai laushi. Yadda aka yi manomin gero ya iya shi, da yadda wasan ya kai shi bakin rabuwa da matarsa Lailatu, shi ne abin da za a ji.

Yana saurayi ya tafi cin rani Kaduna, da niyyar yin ga-ruwa. Can ya faɗa hannun wani tsoho ɗan Bafarawa mai suna Wada, wanda shi ne shugaban masu ɗaukar jaka a wani filin golf. Wada ya ji Gobiranci a bakin yaron, ya ce ya ajiye garwa ya biyo shi. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ramuka ne goma sha takwas a warwatse cikin fili, kowanne da nisansa, wanda ya kai ƙwallonsa cikinsu da mafi ƙarancin duka shi ya ci. Mai hali ya buga, talaka ya saɓa jakar sanduna ya bi shi a baya. Ranar Litinin ce kaɗai masu filin ba sa zuwa, ita ce ake barin masu ɗaukar jaka su ɗan taɓa.

Tun Litinin ta farko aka ga Sodangi yana da hannu. Abin da ba shi da shi shi ne kai. Zuciyar Bagobiri kuwa ba sai an ba mutum labari ba. Idan duka ɗaya ya ɓaci, to ranar ta ɓaci ke nan, zai bi sauran ramukan yana huci yana zagin iska. Ran nan ƙwallo ya faɗa masa cikin kududdufi, ya ɗaga sandar aro ya maka wa bishiya, ta karye biyu. Wada bai yi masa faɗa ba. Ya tsince guntayen, ya ce gobe ya zo kafin masu fili su fara isowa.

Daga ranar ya ɗora shi a kan tsari. Ba a farawa da duka mai nisa, wanda samari ke so don a gansu. Kusa da rami ake farawa, kuma ba za ka matsa baya ba sai ka jefa a jere ba kuskure. In ka kuskure, ka koma farko. Rana guda, abu guda: yau ƙwallon da ya nutse cikin yashi, gobe bugu cikin iska, jibi wanda ya maƙale a ciyawa mai tsawo. Ba a kai duka sai an zaɓi inda za shi, don in ji Wada, wanda ke dukan ƙwallo ba tare da ya zaɓa masa masauki ba sussukar gero yake yi. Kafin hannu ya motsa, sai ka ga ƙwallon a cikin kanka ya tashi, ya karkata, ya sauka. Sannan numfashi, sannan duka.

Bayan duk wannan Wada ya ba shi tsumma, wani yankin tsohon tawul.

"Wanga shi na maganinka," in ji Wada. "In ka buga, ko ya yi kyau ko ya ɓaci, ka dube shi har shi tsaya. Sannan ka shahe sanda. Da ka shahe ta, dukan ga ya wuce. Ba hushi, ba murna. Na gaba ka jiranka."

Akwai kuma wani abu da Wada ke kira bita. Idan an gama rami na ƙarshe, sai su zauna gindin mangwaro, tsohon ya sa shi ya faro daga fitowarsa: ta ina iska take, wace sanda ya zaro, me ya ji a cikinsa, a ina tsoro ya kama shi. Ba tsallake, ba kwaskwarima, kowane abu a kira shi da sunansa. A nan ake yin fushin da aka hana a fili, a nan ake dariyar. Sodangi ya tsani wannan zama, don yana tono masa abin da ya riga ya binne. Tsumma ya fi masa, shafa ɗaya an gama. Amma muddin Wada na kusa, ba mai tashi daga gindin mangwaron nan sai an kai ƙarshe.

Tsarin ya yi aiki. Cikin 'yan shekaru ya zama wanda ba a gane ko yana ci ko ana cinsa in an dubi fuskarsa. Ya cinye gasar masu ɗaukar jaka, aka ba shi akwatin rediyo, har aka fara maganar a kai shi kudu ya gwada da ƙwararru. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa mahaifinsa ya rasu, ga gona ga ƙanne ba mai riƙewa. Ya haɗa kayansa. Wada ya ba shi sanda guda, wadda ake kira lamba bakwai, ya ce ya tafi da tsummansa. A tasha abokai na ta yi masa jajen damar da ta kuɓuce, shi kuwa ko a jikinsa. Wannan dukan ya wuce.

A Gangara ya gano cewa tsumman ba a filin golf kaɗai yake amfani ba. Fari ya cinye gero, ya duba har abin ya tsaya, ya shafe a ransa, ya nemi iri. Sansa na huɗa ya mutu ana tsakar damina, haka. Labarin rasuwar Wada ya iso, ya yi masa addu'a, ya ɗauki fartanya. Mutanen gari suka sa masa ido suka ce ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, har in rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi shi ake kira. Ba wanda ya san haƙurin nan a filin wasan masu kuɗi aka koya masa shi, kamar yadda ake koya wa mutum tuƙin mota. Bita kuwa ya daina, don ba mangwaro, ba Wada, ba mai tilasta shi.

Ya auri Lailatu, 'yar Isa, gajeriya mai baki, wadda ta yi suna a unguwa wajen dama fura mai yajin da ke sa baƙo tari. Ɗansu na fari Shafi'u. Ni nake faɗa muku sunan, don daga bakin iyayensa ba za ku ji shi ba. Ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari a gidan nan an riƙe ta da ƙarfi. Ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi gaban mutane, ba su yabonsa. Ita ta ce "wancan", shi ya ce "kai". Ƙanwarsa Sadiƙa, wadda daga baya aka kai aure Sakkwato, ita ta sha goyo da kirari. Amma duk wanda ke da ido ya san inda babban curin fura ke zuwa. Shafi'u kuwa tun yana ƙarami har ya zama saurayi mai gemu, bai taɓa shan furar uwarsa ya yi shiru ba. Kullum sai ya ce ta cika yaji, kullum sai ta ce wa bango in mutum ba ya so ya ajiye. Hirar tasu ke nan, kuma ta ishe su.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka cika dajin, aka koma noma da kunne ɗaya a gona ɗaya a hanya. Wata safiya ta damina, lokacin noman farko, Sodangi da ɗansa suka fita gona. Lailatu ta miƙo 'yar jarkar fura ta bayan ƙyaure, ba tare da ta dubi mai karɓa ba. Kafin azahar aka ji harbi ta gabas.

Abin da ya faru a gonar, daga bakin wasu aka ji shi. Sun ce babura ne suka ɓullo ta cikin dawa, aka kora shanu, aka harbi mutum uku, Shafi'u na cikinsu. Sun ce hanya ba ta biyuwa da gawa a ranar, don haka a gefen gonar aka yi musu sutura, kuma Sodangi da hannunsa ya yi haƙa. Sun ce da aka gama rufewa ya tsaya ya dubi ƙasar, ya daɗe, sannan ya kama bakin rigarsa ya shafe fartanyar tsaf, ya saɓa, ya kama hanyar gida. Lailatu ba ta ga ɗanta ba. Abin da ya shigo mata gida miji ne da fartanya mai tsabta.

A zaman makoki ya zauna kan tabarma yana amsa gaisuwa, murya daidai, ido a bushe. Liman ya nuna shi ya ce wannan shi ne tawakkali. Sodangi ya ji ana faɗa, kamar ana maganar wani mutum a wani gari. Shi dai ya san sun fita da safe, ya san ya dawo da yamma. Tsakanin nan babu komai. Ba wai yana ƙin tunawa ba ne. In ya leƙa wurin, fili yake gani fetal, kamar gonar da aka girbe aka kwashe kara.

Kafin kaka suka bar Gangara tare da masu barinta. Yayan Lailatu, Abdurra'uf, ɗan kasuwa ne da ke kai kaya Maraɗi yana dawowa da wasu, yana da gida a can yana da gida a Isa. Shi ya ba su ɗaki guda a gidansa na Isa. Sodangi ba gona, ba aiki. Sai ya zaro lamba bakwai daga cikin tabarmar da ya naɗe ta, ya nemi fako. Tsofaffin ƙwallayen da ya zo da su daga Kaduna suka ɓace ɗaya bayan ɗaya cikin gulbi, ya koma tsintar ƙwallon goriba, ya kankare shi da wuƙa. Goriba ba ta tashi kamar ƙwallon gaske, tana karkata inda ta ga dama, amma ba ruwansa. Tsarin Wada ya dawo da shi kaf: yau na kusa, gobe yashin bakin gulbi, jibi bugu cikin iska. Ba daɗi yake ji ba. Duka mai kyau da maras kyau duk ɗaya ne a wurinsa, kamar yadda tuwo da gishiri da wanda ba gishiri suka zama ɗaya a bakinsa. Abin da ya sani shi ne in ya shafe sanda, akwai na gaba, kuma da haka rana ke faɗuwa.

Lailatu kuwa ta daina dama fura. Bakin nan nata ya mutu. Sai bayan sadakar arba'in ta yi masa tambaya, tana tsintar wake, ba ta ɗago ba.

"Malam, wancan, ya sha hurar?"

"Wace hura?"

"Wadda nib ba shi da za ku hita."

Ya leƙa cikin kansa, ya ga filin nan fetal. Ya ce, "Ban sani ba."

Ba ta tambayi wa ya yi harbin ba, ba ta tambayi inda harsashi ya same shi ba, ko ya sha wuya ko bai sha ba. Wannan kaɗai take so. Ta sake tambaya da kaka, ta sake da azumi, amsar ba ta canja ba. Tun tana yi a hankali har ta fara yi da kuka, tana cewa mutum yana tsaye aka kashe masa ɗa, a ce ko abin da ya shiga cikin yaron bai sani ba. Sodangi ya dube ta har ta yi shiru, ya ɗauki sandarsa. Ya san tana shan wuya, ya san ya kamata abin ya dame shi. Sanin ne kawai, bai sauka ƙasa da wuyansa ba.

Abdurra'uf ne ya ja shi zaure wata rana. Mutum ne mai son a gama magana a wuce.

"Kai ko, Sodangi, mi na wahala cikin wagga magana? Ka ce mata ya sha mana. Allah ba shi kama ka don ka sanyaya ma mace rai."

Sodangi ya ga shawarar ba ta da aibu. Da la'asar ya same ta a tsakar gida ya ce ya tuna, yaron ya sha.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Rabonsa da ya ga idonta a buɗe haka tun Gangara. "Mi yac ce?"

Wannan ai ba wuya. Ya ce, "Ya ce kin cika yaji, kamar kullum."

Ta daɗe tana dubansa. Hasken da ya taso a fuskarta ya koma inda ya fito. "Ƙarya kake yi min, Malam," ta ce, ba da faɗa ba. Yadda aka yi ta gane, ba ta faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba.

Washegari ta ce za ta bi yayanta Maraɗi, ta zauna wurin iyalinsa. Ba yaji take yi ba, ba saki take nema ba. Ta ce ta iya zama da wanda bai sani ba, amma ba ta iya zama ɗaki ɗaya da wanda zai ƙaga mata maganar mamaci. Ba ta ce ga ranar dawowa ba, kuma kowa a gidan ya san babu ita. Mace ba ta tafiya sai da izinin miji, don haka ta tsaya tana jiran abin da zai ce. Ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Ranar tafiyar, motocin 'yan kasuwa suka taru bakin tasha suna jiran a tashi ayari guda, don yanzu ba mai bin hanyar shi kaɗai. An ɗora ƙullin kayan Lailatu bisa buhunan Abdurra'uf. Sodangi kuwa ranar bugu cikin iska ce a tsarinsa, don haka ya tafi fako. Ya san in ya dawo ɗakin ba kowa. Ya juya maganar a ransa, ya ga ba ta da nauyi, ba ta da sauƙi.

Yana tsaye bayan ƙwallo yana duban aduwa sai ya ga mace ta nufo shi da lulluɓi. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta ce ta kawo masa mabuɗin ɗaki, ta ajiye shi bisa wani dutse. Ya ce to. Da yake ya riga ya fara shirin duka, kuma ba a barin shiri a tsakiya, sai ya ja numfashi, ya matso, ya buga. Goriba ta tashi ta karkata hagu ta faɗi cikin rairayi. Ya kai hannu ƙugu, ya ji wayam. Tsumman yana hannun Lailatu, ta zare shi yana tsakiyar shirin duka.

"Tun ina amarya nike wanke wanga abu," ta ce, "ban taɓa tambayar aikinshi ba. Yau dai kahin in tahi sai na ji."

Ya miƙa hannu, ba ta ba shi ba. Sai ya yi mata bayani a gajarce, yadda Wada ya faɗa: in an shafe, dukan ya wuce, ba fushi, ba murna.

"Shi na abin da kay yi ma hwartanya," ta ce. "Mata sun hwaɗa min."

 Idonsa na kan bakin sandar, inda ƙasa ta manne. Yana iya shafewa da riga, ya sani, amma tana tsaye tana kallonsa, hannun ya ƙi zuwa. Ga wani ƙwallon a aljihu, ba halin ajiye shi, don ba a fara sabon duka da sanda mai datti. Tun yana saurayi bai taɓa tsayawa a wannan tsakanin ba.

"To shi Wadan ga naka, Allah shi jiƙanshi, iyakar abin da ya koya maka ke nan? Shahewa?"

"A'a," ya ce. "Akwai bita." Bakinsa ne ya faɗa kafin ya yi shawara da shi. Ya gaya mata yadda ake yi, in an tashi wasa, a gindin itace, daga farko har ƙarshe.

Lailatu ta dubi aduwar. Ta taka har gindinta, ta share ƙaya da gefen takalmi, ta zauna, ta danne tsumman a cinyarta. Ba ta kira shi ba. Can tasha wani direba ya taɓa ham.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya bi ta, ya jingine sandar yadda take, ya zauna nesa da ita kaɗan. Bai yi tsammanin zai samu komai ba. Amma bita ba a fara ta da neman abin da ya ɓace, da fitowa ake farawa, kuma fitowar yana da ita.

"Mun hita rana ba ta yi zahi ba," ya ce. "An yi ruwa da asuba, ƙasa da laushi. Iska daga gabas take, ba ƙarhi."

"Hurar nike tambaya."

"Ba a tsallake."

 Ya ce shi ke gaba da fartanya, yaron na baya yana jan shanu. Yana faɗin haka sai ya ga abin da bai san yana riƙe da shi ba: wani sa mai karyayyen ƙaho ya tsaya cin ciyawa a bakin rijiya, an yi ta fama da shi. Ya faɗa. Daga rijiya sai hanyar ta buɗe masa zuwa gonar maƙwabci, inda suka tsaya gaisuwa. Daga nan sai kunyar farko da suka fara nomewa, ta gefen tsamiya. Kowane abu in ya faɗe shi sai ya jawo na bayansa. Muryarsa ba ta canja ba, kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Munka kai tsakiyar gona, hantsi ya ɗaga. Nic ce a huta. Munka zamna ƙarƙashin tsamiya. Sai..."

Ya tsaya. Ya zo inda "kai" ba ta isa, inda "yaron ga" ba ta isa, kuma Wada ya ce kowane abu da sunansa.  Lailatu ta sunkuyar da kai, don ta ga abin da ke tafe.

"Sai Shafi'u ya ɗauko jarka."

Tun ranar suna, da liman ya raɗa shi, sunan bai taɓa bi ta bakinsa ba. Ya fito da kaushi kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Lailatu ta kama bakin lulluɓinta ta cusa a baki.

"Ya girgiza ta, ya miƙo min, nic ce shi hwara. Ya kafa kai ya sha da yawa. Sannan ya sauke, ya leƙa cikin jarkar." Sodangi ya runtse ido, yana gani. "Ya ce, 'Baba, Inna lahiya take kuwa?' Nic ce mi kag gani. Ya ce, 'Yau ba yaji. Ko kaɗan babu.' Ya sake kurɓa, ya yamutsa huska. Ya ce, 'Wagga ai ba hurar Inna ta ba. In mun koma ka ce mata ta maida yajinta, wasa nike yi.' Sannan ya shanye, ya bar min kaɗan a gindi."

 Daga tasha aka sake danna ham, mai tsawo wannan karon, irin na mutumin da ransa ya fara ɓaci.

"Ranar kaɗai na hana hannuna zuba yaji," in ji Lailatu. Muryarta da ƙyar take fita. "Ban hwaɗa ma kowa ba. Nic ce bari in gani ko shi lura." Ta share fuska da tsumman, ba ta ma san shi ne a hannunta ba. "Shekara da shekaru shina ce min na cika yaji. Ashe ɗan banzan ga so shikai."

  Tsoro ya kama Sodangi, don ya san abin da ke bayan tsamiyar. Ƙarar babura ce ke biye, kuma yanzu yana jin ta.

"Saura ba shi da daɗin ji, Lailatu," ya ce. "Ga mota can tana jiranki."

Ba ta waiwaya wajen tasha ba. Ta gyara zama, ta matso har gefen zanenta ya taɓa gwiwarsa.

"Kai kac ce ba a tsallake," ta ce. "Ya bar maka kaɗan a gindi. Sai mi?"